Ƙashin Kurtu da Jadawalin Horo: Nazari a Kan Raunukan da Atisaye Ke Yi wa Soja

A shekarar 1855 wani likitan sojan Furushiya, ɗaya daga daulolin Jamusawa na wancan zamani, mai suna Breithaupt, ya rubuta bayanin wani ciwo da ya addabi sojojin da yake dubawa. Bayan doguwar tafiyar ƙasa sai bayan ƙafar soja ya kumbura har ya kasa takawa, alhali bai faɗi ba, bai yi tuntuɓe ba, ba kuma abin da ya buge shi. Likitan ya ɗauka jijiyoyi ne suka kumbura. Sai a 1897, shekara biyu da gano na'urar ɗaukar hoton ƙashi, aka ga abin da ke faruwa: siraran ƙasusuwan nan da ke bayan yatsun ƙafa ne suke tsagewa. Shi ya sa har yau likitocin soja ke kiran wannan rauni karayar maci.

Idan aka ce soja ya ji rauni, hankalin mutane kan tafi ga harsashi da nakiya. Alƙaluma kuwa wani wuri suke nunawa. A 2010 mujallar likitanci ta Lancet ta buga nazarin sojojin Amurka dubu 34 da aka kwaso daga Iraƙi da Afganistan saboda rashin lafiya tsakanin 2004 da 2007. Kashi 24 cikin ɗari ciwon gaɓoɓi da tsoka da ƙashi ne ya fitar da su, kashi 14 ne kawai raunin faɗa ya fitar. Wannan a fagen daga ke nan. A barikin horo, inda ba mai harbin kowa, irin waɗannan raunuka su ne kan gaba wajen kai kurtu asibiti, da mayar da shi baya a kwas, da sallamarsa gida.

Raunukan iri biyu ne. Akwai na farat ɗaya, kamar targaɗe, gocewar kafaɗa, ko karayar da aka samu wajen dirowa daga katanga. Akwai kuma na tarawa, wanda ba wanda zai iya nuna ranar da ya fara: ciwon ƙwauri, ciwon gaban gwiwa, kumburin agara, tsagewar ƙashi. Na biyun ne suka fi yawa a tsakanin kurata, kuma akasarinsu daga ƙugu zuwa ƙasa suke. Su ne batun wannan nazari. Abin da nake son nunawa shi ne, yawansu yana bin yawan aikin da aka ɗora wa jiki da saurin ɗora shi, don haka maganinsu ya fi zama a hannun mai rubuta jadawalin horo fiye da hannun likita.

Yadda ƙashi ke koyon ɗaukar nauyi

Mun saba ganin ƙashi bayan an cinye nama, busasshe, sai mu ɗauka haka yake a jiki. Ƙashin mai rai nama ne mai jini da ke sauya kansa kullum. A 1892 wani likitan tiyata na Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana sake siffarsa gwargwadon nauyin da yake ɗauka: inda aka matsa masa ya yi kauri, inda aka bar shi ya sirance. Abin da aka gane daga baya shi ne tsarin aikin. Kowane taku yana ɗan lanƙwasa ƙashin ƙwauri, kuma dubban taku suna barin ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Jiki yana da ƙwayoyin halitta iri biyu masu gyara. Na farko su kankare wurin da ya lalace, na biyu su biyo baya su cike. Kankarewa makonni kaɗan take ci, cikewa da ƙarfafawa kuwa sai an yi watanni.

Duk wanda ya ga magini yana gyaran katangar ƙasa kafin damina ya san wannan. Sai ya fara kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa kafin ya yi sabon yaɓe, kuma tsakanin kankarewa da bushewar yaɓen katangar ta fi kowane lokaci rauni. In ruwa ya sauko a wannan tsakani, gyaran ne zai jawo rushewa. Haka ƙashin kurtu yake a makonnin farko na horo.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne sassan jiki ba sa tafiya tare. Zuciya da huhu da tsoka suna saurin sabawa, cikin makonni kaɗan yaron da ya zo yana haki zai ji ya zama doki. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da shi kansa ƙashin, suna can baya. Wato lokacin da kurtu ya fi jin ƙarfi, mai horarwa kuma ya ga ya dace a ƙara masa nisa, shi ne lokacin da ƙashinsa ke tsakiyar kankarewa.

Darasin Isra'ila da na Ostareliya

A 1985 Charles Milgrom da abokan aikinsa suka buga sakamakon bibiyar kurata 295 na sojan ƙasa na Isra'ila cikin mako 14 na horon farko. Kashi 31 cikin ɗari sun sami tsagewar ƙashi, mafi yawa a ƙwauri. Adadin ya girgiza masana, domin ya ninka abin da wasu rundunoni ke bayarwa sau da yawa. Wani ɓangare na bambancin ya zo ne daga cewa su waɗannan likitoci nema suke yi: suna duba kowane kurtu a kai a kai, wanda aka yi zargi a kai shi gwajin da ya fi hoton ƙashi gani. Rundunar da ke jiran sai yaro ya kawo kansa za ta ƙirga kaɗan, ta kuma yi zaton lafiya lau take.

Abin da ya biyo baya ya fi adadin ilimantarwa. Sama da shekara ashirin suna gwaje-gwaje. Sun sauya takalma, sun sa shimfiɗar cikin takalmi iri-iri, har maganin da ake ba tsofaffi masu zaizayar ƙashi sun gwada. A bayanin da Aharon Finestone da Milgrom suka buga a 2008, sun ce duk waɗannan ba su kawo sauyin a zo a gani ba. Abin da ya saukar da adadin zuwa kusan ɗaya cikin goma abu biyu ne da ba a sayen su a kasuwa: rage jimillar nisan macin da kurtu ke yi a kwas, da tilasta wa masu horarwa barin yara su sami wani adadin barci da ba a taɓawa.

Ostareliya ta ba da misalin da ya fi wannan fitowa fili. A barikin horon kurata na Kapooka, cikin 1991 zuwa 1992, kashi 11.2 cikin ɗari na kurata mata sun sami tsagewar ƙashin ƙugu, maza kuwa kashi 0.1. Da Rodney Pope ya duba, sai ya ga babbar matsalar tana cikin sahu. A maci kowa yana bin takun na gaba, na gaba kuwa dogaye ne, don haka gajeriyar mace dole ta riƙa buɗe ƙafa fiye da halittarta, sau dubbai a rana, tsokokin matsematsi suna fizgar ƙashin da suke manne da shi. Sai aka rage saurin maci daga kilomita 7.5 a awa zuwa 5, aka bar kowa ya yi taku daidai ƙafarsa, aka buɗa sahu, aka mayar da gudu kan ƙasa mai laushi, aka maye dogon gudu da gajerun gudu masu hutu a tsakani. A shekarar da ta biyo adadin ya faɗo zuwa kashi 0.6. Ba a sayi ko allura ba.

Gardamar masu horarwa

Tsohon saje da ya ji wannan zai ce abin da sajoji ke cewa a ko'ina: soja ba gidan hutu ba ne, wanda aka lallaɓa a bariki daji zai ba shi kunya. Maganar tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba, domin shi ya san abin da ke jiran yaran. Amma tambayar da za a iya aunawa ita ce: ƙarin nisan gudu yana ƙara ƙarfi daidai da yadda yake ƙara rauni?

An auna. A barikin sojan kundunbalar ruwa na Amurka da ke San Diego, Richard Shaffer ya kwatanta rukunin kurata uku a horon mako 12. Waɗanda suka yi gudun mil 55 gaba ɗaya, kashi 3.7 cikin ɗari sun tsage ƙashi. Masu mil 41, kashi 2.7. Masu mil 33, kashi 1.7. A gwajin ƙarshe na gudun mil uku, na farko sun gama a minti 20 da daƙiƙa 20, na ƙarshe a minti 20 da daƙiƙa 53. Wato an sayi daƙiƙa 33 da ninkin tsagewar ƙashi fiye da sau biyu. Tun a 1977 ma Michael Pollock ya nuna irin wannan a farar hula: masu gudun minti 15 da masu minti 30 raunukansu kusan ɗaya ne, kashi 22 da kashi 24, amma masu minti 45 sai ya haura zuwa kashi 54, ƙarin ƙarfin numfashin da suka samu a kan masu minti 30 kuma ɗan kaɗan ne. Akwai wata iyaka da in an wuce ta riba ke tsayawa, hasara kuma ta ci gaba da hawa. Garaje ba ƙarfi ba ne, in ji Hausawa, ga shi nan a rubuce da lamba.

Dole a faɗi raunin waɗannan hujjoji. Na Kapooka da na San Diego kwatanci ne tsakanin rukunai na lokuta daban-daban, ba a raba yaran da ƙuri'a ba, kuma a Kapooka an sauya abubuwa da yawa lokaci guda, ba za a iya ware wanda ya fi aiki ba. Ƙarfinsu yana cikin maimaituwa: ƙasashe daban, rundunoni daban, shekaru daban, sakamako yana fuskantar alƙibla ɗaya, kuma ya dace da abin da aka sani game da yadda ƙashi ke gyara kansa.

Abubuwan da aka yi imani da su suka faɗi gwaji

Babu filin atisayen da ba a miƙe jijiyoyi kafin gudu, kowa kuma ya yarda yana hana rauni. Pope ya gwada shi a Kapooka da kurata 1,538 da aka raba da ƙuri'a. Duka sun ɗumama jiki, amma rabi sun ƙara da miƙe tsokokin ƙafa. Sakamakon da aka buga a 2000: raunuka 158 a masu miƙewa, 175 a marasa yi, bambancin da bai wuce abin da sa'a ke iya kawowa ba. Abin da ya fi yin hasashen wanda zai ji rauni shi ne ƙarfin gudun da yaro ya zo da shi ranar farko.

Haka zancen takalmi. Kamfanoni sun daɗe suna cewa mai shimfiɗaɗɗiyar tafin ƙafa da mai ƙundumemmiya kowa da takalmin gudun da ya dace da shi. Joseph Knapik ya gwada a dubban kurata na sojan ƙasa da na sama da na kundunbalar ruwa a Amurka: wasu aka ba su takalmi bisa siffar tafin ƙafa, wasu aka ba kowa iri ɗaya. Raunuka suka fito daidai.

Bayan sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya umarci rundunoni a 2003 su rage haɗurra da rabi, an kafa kwamitin masana na dukkan rundunonin don tace hujjoji. A rahotonsu da aka buga a 2010 sun duba matakai 31. Guda 23 ba su da isasshiyar hujja. Biyu sun ce a daina: ɗamarar baya, da shan maganin kashe zafin ciwo kafin atisaye. Shida kawai suka tsallake, na farkonsu shi ne hana wuce gona da iri a horo, musamman gudu. Sauran su ne atisayen da ke koya wa jiki juyawa da tsalle da daidaita tsayuwa ta kowace fuska, robar kare haƙori, ɗamarar tallafar idon sawu a ayyuka masu haɗarin targaɗe, cin abinci cikin awa ɗaya bayan aiki mai tsanani, da safa ta zaren roba mai hana bororo. Mai karatu na iya yi wa safa dariya. Amma mai bororo a diddige yakan karkace taku don ya kauce wa zafi, karkataccen taku kuma gwiwa da ƙugu ke biyan kuɗinsa.

Maganin kashe zafi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, ganin yadda muke haɗiyar su ibuprofen da diclofenac kamar gyaɗa. Zafi shi ne kaɗai saƙon da ƙashi mai tsagewa ke iya aikowa, ƙwayar kuma tana toshe shi. Bayan haka, irin waɗannan magunguna suna taɓa sinadaran da ƙashi ke amfani da su wajen sabon gini. Wani nazari na bayanan sojan ƙasa na Amurka da aka buga a 2019 ya sami haɗarin tsagewar ƙashi ya kusa ninka uku a waɗanda aka rubuta wa su.

Akwai abubuwa biyu da aka ƙara wa kurata suka yi amfani a gwajin ƙuri'a. A Pirbright ta Ingila, kurata 1,502, an ba rabi wasu 'yan motsa jiki na ƙarfafa cinya da ɗuwawu tare da miƙe su, a cikin darasin atisayen da aka saba, sai ciwon gaban gwiwa ya ragu da kashi 75 cikin ɗari. A barikin sojan ruwa na Great Lakes a Amurka kuma, Joan Lappe ta ba kurata mata, cikin 5,201 da suka shiga gwajin, miligiram 2,000 na sinadarin kalsiyam da bitamin D kullum na mako takwas, tsagewar ƙashi ta ragu da kashi 20.

Wanda ya zo, da abin da ya zo da shi

Kurata ba sa isowa bariki da jiki iri ɗaya. Mai ƙarancin ƙarfin gudu, mai shan taba, da wanda ya taɓa jin rauni bai warke sosai ba, su ne nazari bayan nazari ke nuna sun fi faɗawa. Masu binciken Isra'ila sun ga yaran da suka yi shekaru suna wasan ƙwallo, musamman na kwando, kafin shiga soja sun fi tsira, domin ƙashinsu ya riga ya saba da duka ta kowace kusurwa. Gudun sahu guda, inda kowa ke bin saurin mutum ɗaya, yana cutar kowane ɓangare: gwani ba ya ƙaruwa, rarrauna yana karyewa. Raba yara rukuni-rukuni bisa ƙarfinsu shi ne gyaran da sojan ƙasa na Amurka ya shigar cikin littafin horonsa.

Batun mata ma a nan yake. A 1998 sojan Birtaniya ya haɗa maza da mata a ma'auni ɗaya na horo. Ian Gemmell ya ƙirga abin da ya biyo baya: matan da aka sallama saboda raunin tarawa sun tashi daga kashi 4.6 zuwa 11.1, maza kuwa ba su kai kashi 1.5 ba. Nazarin Amurka ya nuna cewa in aka kwatanta namiji da mace masu ƙarfin gudu ɗaya, mafi yawan tazarar tana ɓacewa. Ke nan abin da ake buƙata shi ne lokacin shiri kafin a hau jadawali ɗaya. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, tunda Kwalejin Horon Hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗinta na cikakkun hafsoshi tun 2011.

Sai kaya. A 1950 marubucin tarihin soja S.L.A. Marshall ya ba da shawarar kada kayan soja su wuce sulusin nauyin jikinsa. Binciken da aka yi a Afganistan a 2003 ya sami sojan ƙasa na Amurka yana tafiya da sama da kilo 40. Tunda ba za a daina ɗaukar kaya ba, ƙa'idar dai ita ce ta gudu: a ƙara nauyi ko nisa ko sauri, ɗaya a lokaci guda, kuma kada ranar dogon maci ta biyo ranar dogon gudu.

Raki, gwale-gwale da fitsari mai launin shayi

A ganina abin da ya fi wuyar gyara yana cikin ɗabi'a. Soja gidan juriya ne, mu kuma mutane ne da ake raina namiji mai raki tun yana yaro. Kurtun da ƙwaurinsa ke zafi yana tsoron abu biyu: a ce ciwon ƙarya yake yi, ko a mayar da shi baya abokansa su fita su bar shi. Sai ya yi shiru, ya shafa man zafi, ya gasa da ruwan ɗumi. Tsagewar ƙwauri in an kama ta da wuri hutun makonni ne. Amma akwai wadda ke kama wuyan ƙashin cinya, can cikin kwatangwalo, alamarta kawai ciwon matsematsi da ɗingishi. In aka ci gaba da gudu a kanta ƙashin na iya rabuwa gaba ɗaya, jini ya yanke wa kan ƙashin, yaro ɗan shekara ashirin ya ƙare a ɗakin tiyata, aikin soja kuma ya ƙare. Wani tarkon kuma, hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna komai a mako biyu ko uku na farko. Don haka zafin da yaro ke iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa da taku, ya isa dalilin sauke masa nauyi ko da hoto ya fito fes. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, ba abin da ya goce balle a ja a mayar.

Gwale-gwale kuma aiki ne da ba ya cikin lissafi. Mai tsara jadawali ya rubuta kilomita kaza a mako, amma tsallen kwaɗo da birgima da gudun hukunci da kofur ya ba da da daddare ba wanda ya rubuta su, ƙashi kuwa ya ƙirga. Idan irin wannan ya yi tsanani, musamman cikin zafin rana da ƙishirwa, tsoka kan farfashe ta zubo da abin cikinta cikin jini, ya toshe ƙoda. Alamarsa ciwon tsoka mai tsanani, kumburi, da fitsari mai launin baƙin shayi. A 2016 mujallar likitanci ta New England ta buga nazarin baƙaƙen sojojin Amurka kusan dubu 48: masu jinin AS sun fi sauran haɗarin wannan farfashewa da kashi 54 cikin ɗari, daidai da haɗarin shan taba, ko da yake haɗarin mutuwa bai ƙaru ba a rundunar da ke kiyaye shan ruwa da hutu ga kowa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Duk sahun da ya tsaya fareti a Daffo ta Zariya, inda ake horon kurata tun 1924, ko a Jaji, wannan lissafi yana cikinsa.

Alƙaluman San Diego da Kapooka na yaran can ne, da abincinsu da yanayinsu. Abin da za a ɗauko daga gare su shi ne dabarar: kowace bataliyar horo ta ajiye littafi biyu, ɗaya na nisan da ƙafar kurtu ta taka kowane mako, har da na fareti da na gwale-gwale, ɗaya na waɗanda suka je asibiti da inda ke musu ciwo, sa'an nan kwamanda ya ɗora su gefe da gefe a ƙarshen kowane kwas. Kwamitin Amurka ma ya sa ƙirga raunuka da goyon bayan shugabanni cikin sharuɗɗan da in babu su sauran matakan ba sa aiki. Ranka ya daɗe kwamanda, a tambayi mai horarwa yara nawa ya fitar da ƙafafunsu lafiya, kamar yadda ake tambayarsa minti nawa suka yi a gudun ƙarshe.